Wane injin bindiga ya fi dacewa a gina bindigar gasar harbi a kansa?

Sabon_Maharbi: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan fanni. Na daɗe ina harbin allo da bindigar farauta yadda ta fito daga kamfani, yanzu kuma na ƙudiri niyyar haɗa wadda za a keɓe domin gasa kaɗai, musamman harbin kwance daga yadi 600 zuwa yadi 1000. Shawarar da nake yawan ji ita ce in sayi bindiga mai sakata wadda aka yi amfani da ita, a kwance bututunta da ƙotarta, in riƙe injin kawai, wato gidan sakata da sakatar da kunama, sannan maƙeri ya ɗora sabon bututu mai kauri. Inda kaina ya kulle shi ne wane inji zan nema, domin an ambata mini Remington 700 da Savage da Tikka T3 da Howa 1500, wani dattijo kuma ya dage cewa babu kamar Mauser 98. Takarduna na mallaka suna bisa ƙa'ida, kuma maƙeri mai lasisi ne zai yi aikin. Ina neman ku haska mini hanya.

Yadi_Dubu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin a ambaci sunan kowane kamfani, sai ka gaya mana ajin da za ka shiga da harsashin da za ka harba, domin su ne za su zaɓa maka inji. Idan F-TR ne, ƙa'ida ta taƙaita ka ga .308 Winchester ko .223 Remington, kuma nauyin bindiga har da madubinta da ƙafafunta biyu kada ya wuce kilo 8.25. Idan kuwa F-Open ne, kana da kilo 10 da damar zaɓar harsashi mai faɗi. Gindin kwanson .308 faɗinsa inci 0.473 ne, na .223 kuma inci 0.378 ne, saboda haka fuskar sakatar da ta dace da ɗaya ba za ta riƙe ɗayan ba. Mutum zai iya samun inji mai kyau ƙwarai, amma idan fuskar sakatarsa ba ta dace ba, sai ya sayi wata sakata ko ya biya a sake sassaƙa wadda yake da ita.

Sabon_Maharbi: Na gode, Yaya. F-TR nake nufi, da .308 Winchester, ko da yake zuciyata tana ɗan karkata ga F-Open nan gaba idan hannu ya faɗa.

Malam_Remi: Tunda haka ne, amsar a wurina ba ta da tsawo. Remington 700 ya fito tun 1962, kuma yau babu injin da ya kai shi yawan kayan haɗi: ƙota iri-iri, kunamu na Timney da Jewell da TriggerTech, da mazaunin madubi na kowane kusurwa. Yawancin kamfanonin da ke ƙera injin gasa na musamman ma a kan awon ƙasansa suke yi, ta yadda ƙotar da ka saya yau za ta karɓi injin da za ka saya bayan shekaru. Gidan sakatarsa zagayayye ne, kowane maƙeri ya san yadda zai kama shi a injin sassaƙa ya daidaita shi. Sojojin Amurka a kansa suka gina bindigogin harbin nesa M24 da M40, wannan kuwa shaida ce da ba a raina ta.

Baba_Makeri: Malam Remi, abin da ka faɗa game da yawan kayan haɗi gaskiya ne, amma ina so yaron nan ya san abin da ke faruwa idan injin ya hau benci na, domin a nan ne lissafi yake sauyawa. Da farko nakan kwance bututu, in zura sandar awo madaidaiciya a hanyar sakata, in ɗora agogon awo a fuskar gidan, in juya a hankali. Idan allurar agogon ta yi rawa, fuskar ba ta yi daidai da hanyar sakata ba, kuma duk bututun da aka ɗaure a kanta zai karkata. Daga nan sai in shafa tawada a bayan haƙoran sakata guda biyu, in rufe in buɗe ina jan ta baya, sannan in duba. Sau da yawa, a injinan da aka ƙera da yawa a lokaci guda, ko na wane kamfani ne, za ka ga tawadar ta goge tas a haƙori ɗaya, ɗayan kuwa ko taɓa shi ba a yi ba. Ma'anarsa haƙori ɗaya ne ke ɗaukar nauyin harbi har sai ƙarfe ya ɗan lanƙwasa na biyun ya zauna.

Gyaran wannan shi ne a sassaƙe fuskar gida, a daidaita mazaunin haƙora, a goge haƙoran su zauna tare, a gyara fuskar sakata, a sake yanka tiredi, wato zaren da ake murɗa bututu a ciki, ya bi tsakiyar hanyar sakata. Akwai kuma farantin da ke tare shurin bindiga, wanda a Remington 700 ake matse shi tsakanin bututu da gida. Yawanci ana sauya shi da wanda aka goge fuskokinsa biyu suka yi daidai, a kuma kafa masa ƴar ƙusa don kada ya juya. Hannun sakatar ma liƙa shi aka yi, kuma idan ba a liƙa shi a wurin da ya dace ba, sakata ba ta samun ƙarfin fizgo kwanso a farkon ɗagawa. Duk wannan aiki ne na sa'o'i masu yawa. Idan ka haɗa kuɗin tsohuwar bindigar da ladan aikin da sabuwar kunama, ba mamaki ka tarar ka kusa kuɗin injin gasa wanda ya zo a daidaice, kuma ranar da za ka sayar, mai saye tsohon injin kamfani zai gani, ba zai biya ka sa'o'in da na ɓata a kansa ba.

Malam_Remi: Baba, Allah ya ƙara girma. Ban musa ba, amma wanda ya riga ya mallaki bindigar a ɗaki lissafinsa daban ne da na wanda zai fita nema.

Baba_Makeri: Haka ne, kuma shi ya sa na yi magana a kan wanda ya ce saya zai yi. Akwai wani abu kuma da ya kamata ya sani. Tiredin Remington 700 na asali inci ɗaya da ɗaya bisa goma sha shida ne, zare 16 a kowane inci. Idan aka sake yanka shi, yakan faɗaɗa da kimanin inci 0.010, daga ranar kuwa babu bututun da aka ƙera a kan awon asali da zai zauna masa daidai, sai wanda maƙeri ya auna ya yanka masa shi kaɗai.

Hajiya_FTR: Wannan batu na ƙarshe shi ne ya kai ni ga Savage, kuma ina ganin ɗan'uwanmu mai tambaya ya yi masa kallon tsanaki. Mai gasa ba sau ɗaya yake sayen bututu ba, domin wuta tana cin maƙogwaron bututu, kuma wanda ke harbi sosai zai sauya shi a kai a kai. Savage 110, wanda ya fito a 1958, yana da noti a gindin bututu. Ana murɗa bututun a hankali har ɗakin harsashi ya zauna a kan ma'aunin da sakata ke rufuwa a kansa, a ɗaure notin, sannan a gwada da ma'auni na biyu wanda dole sakata ta ƙi rufuwa a kansa. Babu sassaƙa a ciki, saboda haka aikin maƙeri yana raguwa ƙwarai. Kan sakatarsa kuma daban yake da jikinta, yana ɗan motsi, sai haƙoran biyu su nemi mazauninsu da kansu, abin da Baba ya ce yana ɓata lokaci a kansa. Idan wata rana ka so komawa .223, ban da bututu, kan sakatar kawai za a sauya.

Inci_Biyar: Hajiya, na yarda da batun noti, amma ɗaga sakatar Savage yana da nauyi idan aka kwatanta da sauran, kuma a harbin kwance wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk lokacin da ka yi kokawa da hannun sakata, bindiga tana gocewa a kan jakar yashin baya, sai ka sake neman saiti alhali iska tana sauyawa. Zoben tsakiya a yadi 1000 faɗinsa inci 5 ne kacal, na maki goma kuma inci 10. Sannan kunamun gasa da ake samu domin Savage ba su kai yawan na Remington ba ko kusa.

Hajiya_FTR: Nauyin ɗagawar ana rage shi da ɗan gyara a bayan sakata da kuma dogon hannu, kuma ni bai hana ni komai ba. Sai dai in ƙara wa mai tambaya gargaɗi guda: Savage yana da kaurin gindin bututu iri biyu, ƙarami da babba, kuma tazarar sukurorin da ke ɗaure inji da ƙota ta sauya tsakanin tsofaffin samfura da sababbi. Ya auna nasa kafin ya yi odar ƙota ko bututu. Idan ya samu injin Model 12 na gasa, wanda ƙasansa a rufe yake babu ramin magazin, ya fi wanda aka ciro daga bindigar farauta ƙarfi.

Dattijo_98: Ina karanta ku duka, kuma ina ganin an yi wa Mauser 98 rashin adalci da aka tsallake shi. Paul Mauser ya kammala wannan inji a 1898, kuma yawancin waɗanda kuke yabo jikokinsa ne. Doguwar ƙugiyarsa tana kama gindin kwanso tun daga fitowarsa daga magazin har ta jefar da shi, yana da haƙori na uku na kariya a baya, yana kuma da hanyar kawar da iskar wuta daga fuskar mai harbi idan kwanso ya fashe. A zamaninmu da shi aka ci gasa, kuma ba mu ji ya ba kowa kunya ba.

Baba_Makeri: Ranka ya daɗe, babu mai raina Mauser a cikin masu wannan sana'a, kuma da bindigar farautar manyan dabbobi ake magana, da ni ne farkon mai goya maka baya. Amma a harbin allo akwai abubuwan da ke rage masa maki. Allurarsa, wadda ke dakan gindin harsashi, mai nauyi ce kuma tafiyarta ta kai kusan rabin inci, saboda haka lokacin da ke tsakanin sakin kunama da tashin harsashi ya fi na injinan zamani tsawo, kuma duk motsin da mai harbi ya yi a wannan ɗan tsakani yana bayyana a allo. Na soja an yanke masa gurbin babban yatsa a bangon hagu, ƙasansa kuma a buɗe yake sosai, alhali za a rataya masa bututu mai kauri mai tsawon inci 30. Da yawa daga cikinsu fatar ƙarfen kawai aka ƙona ta yi tauri, cikin yana da taushi, idan aka goge haƙora aka wuce wannan fata sai mazauninsu ya fara lotsewa. Ga huda ramukan madubi, ga lanƙwasa hannun sakata, ga sauya makullin kariya. Doguwar ƙugiyar ma an yi ta ne domin ɗauko harsashi daga magazin, mai F-TR kuwa ɗaya bayan ɗaya yake sakawa da hannu.

Dattijo_98: Na ji hujjojinka kuma ba zan ja da wanda ƙarfe ke hannunsa kullum ba. Sai dai akwai injinan Mauser na kasuwa da kamfanin FN ya ƙera a Beljiyam, waɗanda ba su da wancan gurbin yatsa, kuma ƙarfensu mai kyau ne.

Tarihin_Gasa: Maganar Dattijo ta tuno mini da yadda abin ya gudana a Ingila. Lokacin da masu gasa a filin harbi na Bisley suka koma harsashin 7.62, sun yi ta ɗora sababbin bututu masu kauri a kan tsofaffin injinan soja, irin su Lee-Enfield No. 4 da P14 da Mauser, har masana'antar Enfield ta fitar da bindigogin L39A1 da Envoy a kan No. 4. Shi No. 4 haƙoran sakatarsa a baya suke, kuma duk da haka ya yi suna a dogon zango. Amma daga shekarun 1970, da injinan da aka ƙera domin gasa kaɗai irin su Swing suka bayyana, daga baya kuma RPA na Birtaniya da Barnard na New Zealand, sai layin harbi ya koma gare su sannu a hankali. Abin da ya sa kuwa a fili yake: inji mai harsashi ɗaya, mai kaurin bango, mai ƙaramar taga, ya fi ɗaukar bututu mai nauyi ba tare da ya lanƙwasa ba.

Sabon_Maharbi: Allah ya saka muku da alheri. Babu wanda ya taɓo Tikka da Howa har yanzu, kuma su ne na fi gani a hannun masu sayar da tsofaffin bindigogi.

Dan_Sako: Tikka nake harbawa, kuma zan faɗi amfaninsa da iyakarsa. Kamfanin Sako ne ke ƙera shi a Riihimäki ta ƙasar Finland, T3 ya fito a 2003, T3x kuma a 2016. Babban abin da ke jawo mutane shi ne awonsa yana fitowa iri ɗaya daga wannan inji zuwa wancan, har masu ƙera bututu suna sayar da wanda aka riga aka yanka masa kafaɗa da ɗakin harsashi, a murɗa a ɗaure, a tabbatar da ma'auni, shi ke nan. Yawanci ba ya buƙatar daidaitawar da Baba ya lissafa. Sakatarsa tana ɗaguwa kimanin digiri 70 maimakon 90, tana kuma tafiya sumul, kunamarsa ta asali ma tana da kyau. Tsawon gidan iri ɗaya ne ga gajeren harsashi da dogo, abin da ke tsayar da sakata da magazin ne kawai suka bambanta. Iyakarsa ita ce tokaren shuri, wato abin da ke tare shurin bindiga, ba a jikin inji yake ba, a cikin ƙota yake zaune ya shiga wani ɗan gurbi a ƙasan gida. A T3 na farko na alminiyom ne, yakan lotsa, shi ya sa ake sauya shi da na ƙarfe, wanda T3x ya zo da shi.

Yadi_Dubu: Batun tsawon gida da Ɗan Sako ya kawo yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, kuma ya mayar da mu ga tambayata ta farko. Tsawon harsashin .308 na ƙa'ida inci 2.810 ne, amma masu F-TR da ke harba dogayen harsasai masu nauyi sukan zaunar da su waje har tsawon ya wuce inci 3, domin a samar wa albarushi wuri. Sakawa ba matsala ba ce tunda da hannu ake yi. Matsalar tana zuwa ne lokacin da alƙalin layi ya ba da umarnin tsayawa, kana da harsashi a ciki, kuma ya ƙi fitowa ta tagar gajeren inji sai ka zare sakatar gaba ɗaya. Idan kuma ƙanena ya koma F-Open kamar yadda ya ambata, .284 Winchester da mutane da yawa ke harbawa a can fuskar sakatarsa iri ɗaya ce da ta .308, amma ya fi buƙatar dogon gida. Saboda haka ni dogon inji zan nema, ko na wane kamfani ne.

Inci_Biyar: A nan ba mu haɗu ba, Yadi Dubu. Dogon gida ya fi nauyi kuma ya fi saurin lanƙwasa, a F-TR kuwa kowane giram da ka ba inji, daga bututu ko madubi ka cire shi. Wanda ke gina bindiga domin aji biyu yakan ƙare da wadda ba ta gamsar a ko ɗaya ba. Ya gina ta F-TR yanzu, ranar da F-Open ta zo ya sake shawara.

Mai_Howa: Howa 1500 ana ƙera shi a Japan, kuma shi ne ke cikin Weatherby Vanguard. Ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne, tokaren shuri kuma a jikin gidan aka ƙera shi, ba faranti ba ne da ake matsewa, hannun sakata ma tare da jikinta aka yi shi. Wannan yana sauƙaƙa shimfiɗa shi a ƙota. Ana kuma sayar da shi inji da bututu kawai ba tare da ƙota ba, sai mutum ya fara gasa da bututun kamfani mai kauri, ya koyi karanta iska, ya sauya bayan ya cinye shi. Abin lura biyu ne: tiredinsa na awon mita ne, M26 da tazarar 1.5, ba kowane maƙeri ke son yanka shi ba, kuma bututunsa na asali an san shi da matsewa sosai, har wasu maƙera sukan yi ɗan yanka a gaban kafaɗa kafin ya kwance.

Alkalin_Layi: Ni abin da ya dame ni a wannan tattaunawa shi ne tsohuwar bindigar da ba a san tarihinta ba. Na taɓa tsayar da wani mai harbi domin bindigarsa ta tashi yana rufe sakata, aka yi sa'a bakinta yana fuskantar allo. Da aka buɗe, sai aka ga wani mai ita na baya ya goge haƙorin kunama da kansa don ta yi laushi. Duk injin da aka saya na hannu, a ɗauka kunamarsa abar tuhuma ce har sai maƙeri ya duba. Wanda ya sayi Remington 700 kuma ya binciki lambarsa, domin a 2014 kamfanin ya janye bindigogin da ke da kunamar X-Mark Pro waɗanda aka ƙera daga 2006 zuwa 2014. Dokoki ma sun bambanta: a Amurka gidan sakata mai lamba shi ne bindiga a idon doka, a Birtaniya kuwa bututu da sakata ma suna ƙarƙashin lasisi, kuma a ƙasashen da ke bin tsarin CIP, wato hukumar ƙasa da ƙasa ta gwajin bindigogi, akwai gwajin matsin wuta na hukuma. Kowa ya tambayi hukumar ƙasarsa kafin ya saya.

Baba_Makeri: Alƙali ya yi gaskiya. Ga abin da zan duba da ni ne mai sayen. A zare sakata a haska fitila a mazaunin haƙora, idan akwai lotsawa ko ƙarfe ya yi kaushi kamar an yage shi, a bar wannan injin. A duba fuskar sakata, idan akwai zobe na ƙananan ramuka kewaye da ramin allura, wuta ta daɗe tana tsiyaya daga ƙyastun harsashi. A nemi kwanson da aka harba da bindigar a shafa yatsa a gindinsa, idan gefen inda allura ta daka ya taso yana kama fata, ramin allurar ya yi wa allurar yawa, kuma za a buƙaci a cike shi a sake hudawa ƙarami. A kuma tabbatar ramukan sukurorin madubi suna kan layi ɗaya kuma tiredinsu bai mutu ba.

Malam_Remi: Duk da abin da aka faɗa, ina nan a kan bakana saboda dalili guda. Idan ya fara da awon Remington 700, ƙota da kunama da ya kashe wa kuɗi za su bi shi zuwa injin Defiance ko wani makamancinsa ranar da ya samu hali. Wanda ya fara da Tikka ko Savage ko Howa, ranar da ya sauya inji sai ya sauya komai.

Dan_Sako: Wannan hujja tana aiki ne idan an tabbata zai sauya. Mutane da yawa ba su taɓa jin buƙatar barin Tikka ba, bututu kawai suke sauyawa.

Sabon_Maharbi: Na rubuta duk abin da kuka faɗa. Mauser na ajiye shi domin wani aikin, tare da girmamawa ga Dattijo. Maƙerina ya ce yana da ma'aunan .308 kuma yana yanka tiredin mita, saboda haka Howa bai fita daga lissafi ba. Yanzu ina tsakanin Tikka T3x da wani ya yi mini tayi da kuma haƙura in tara kuɗin injin gasa mai awon Remington. Baba, idan bututu iri ɗaya aka ɗora wa biyun, zan ga bambanci a allo?

Baba_Makeri: Ɗana, idan bututun mai kyau ne, aka yanka ɗakin harsashi a tsakiya, aka shimfiɗa injin a ƙota babu matsi, a shekarunka na farko iska ce za ta riƙa cinye maka maki, kuma da wuya ka iya nuna harbin da inji ya ɓata. Inda injin gasa ya fi shi ne kaurin bango da ƙaramin ramin allura da zaɓin kunama. Ka kai wa maƙerinka Tikkan ya duba abubuwan da na lissafa kafin ka biya.

Inci_Biyar: Baba, a yadi 600 na yarda da kai. A yadi 1000 kuwa, da bututu mai inci 30 a rataye, ni har yanzu ina son ƙasan inji a rufe yake babu ramin magazin, kuma Tikka ba shi da wannan. Hajiya, Model 12 ɗinki wane nauyi ya kai a kan sikeli da madubi da ƙafafu?